Daga Rariya Zuwa Ngadda: Waiwaye a kan Dokokin Shara da Ruwan Ƙazanta a Maiduguri

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Hausari ko Gwange da sassafe ya san wani siririn ruwa mai launin toka da yake fitowa daga gindin katangar kowane gida, ya bi ta ƙofar maƙwabci, ya haɗu da ɗan'uwansa su gangara tare. Ruwan wanka ne da na wanki da na wanke-wanke, kuma kafar da yake bi ya fito ita ce Bahaushe yake kira rariya. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda hukumomi suka ɗauki wannan ruwa, da sharar da take rakiyarsa, tun daga kafuwar birnin. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, an daɗe ana yi wa cikin gida doka, daga baya aka yi wa masana'antu tasu, amma tazarar da take tsakanin bakin rariya da bakin kogi ta daɗe ba ta da takamaiman uban gida.

Yerwa ba tsohon birni ba ne idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. Bayan Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, aka kuma kashe shi a 1900, masarautar Borno ta yi 'yan shekaru tana neman mazauni, har zuwa 1907 da Shehu Abubakar Garbai ya tare a sabon gari kusa da sansanin Turawa na Mafoni. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa yashi, damina kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba. Kogin Ngadda, wanda yake tasowa daga dausayin Sambisa ya ƙare a fadamar Jere, shi ne ya ratsa garin. Waɗannan abubuwa sun yi wa mutanen farko rana. Ruwan da mace ta zubar da hantsi, kafin azahar yashi ya shanye shi. Sharar gida kuwa toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki da fasasshiyar ƙwarya, wato abin da ko dai dabba ta cinye, ko ya ruɓe a juji, manomi ya kwashe ya kai gona ya zama taki. Ita kuma salga, idan ta cika sai a rufe ta a haƙa wata, domin fili bai yi wuya ba. Saboda haka babu mai ganin buƙatar kwata, balle a yi mata doka.

Zamanin duba-gari

Dokar tsafta a rubuce ta zo da Turawan mulkin mallaka ne, kuma yana da kyau a fahimci abin da ya dame su. A 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro, daga nan sai jami'an mulki a Afirka ta Yamma suka mayar da kwantaccen ruwa babban abokin gaba. Maganin da suka fi amincewa da shi shi ne nisanta kansu. Tsarin Lugga ya tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, bisa zaton cewa sauron da ya ciji talaka ba zai iya wannan tafiya ba. A 1917 aka fito da dokar kiwon lafiyar jama'a da kuma dokar tsara garuruwa, waɗanda suka daɗe suna zama ginshiƙin aikin tsafta a Nijeriya. Bariki ya sami leburori da motar shara da masu kwasar bokitin bahaya da dare. Cikin gari kuwa aka bar wa En'e, ita kuma ta dogara da mutum ɗaya, wato duba-gari.

Dattawa har yanzu suna ba da labarin duba-gari da wani irin sauti wanda ya haɗa tsoro da girmamawa. Mutum ne mai kaki, wanda yake leƙa randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, ya duba ko salga tana da murfi, ya dubi tsakar gida da turken dabbobi. Wanda aka samu da laifi yana iya tsintar kansa a gaban alƙali. Makarantar koyon aikin tsafta da aka buɗe a Kano a 1932 ita ce ta riƙa yaye irin waɗannan ma'aikata domin En'o'in Arewa. Ban ƙi a yaba musu ba, domin sun yi aiki. Sai dai a lura da iyakar aikin nasu: ikon duba-gari a kan maigida yake. Yana iya cin tarar wanda ya bar ruwa ya kwanta a tsakar gidansa, amma ba shi da ikon tilasta wa baitulmali ta gina magudanar da ruwan zai bi in ya fita. Darasin da jama'a suka ɗauka ke nan, kuma sun ɗauke shi da kyau: muddin ƙazanta ta tsallake katanga, to, ta fita daga wuyanka.

Gari ya girma, yashi ya ƙoshi

Layin dogo ya iso Maiduguri a 1964. A 1967 garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a, a 1976 kuma ya zama babban birnin Jihar Borno. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo jama'a, filaye suka tsuke, siminti ya maye gurbin yashin tsakar gida, famfo ya ninka yawan ruwan da iyali suke zubarwa. A wannan shekara ta 1976 ne aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau, aka danƙa wa sababbin majalisu aikin kwasar shara da bahaya. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da haka, na 1999 ma ya maimaita shi a jadawalinsa na huɗu. Wato aikin da ya fi kowane tsada a cikin birni an ɗora shi a kan matakin gwamnatin da ya fi kowane ƙarancin kuɗi, wanda kasonsa ma sai ya biyo ta asusun haɗin gwiwa da jiha, al'amarin da sai a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa. Bugu da ƙari, birnin da ido yake gani guda ɗaya ne, amma a takarda ya rabu tsakanin Majalisar Birnin Maiduguri da Ƙaramar Hukumar Jere, alhali ruwan kwata bai san iyaka ba.

Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ɗauki matsalar a matsayin ta tarbiyya. A watan Maris na 1984 ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a ranar 29 ga Yulin 1985 kuma Manjo Janar Tunde Idiagbon ya buɗe babi na biyar na yaƙin a Kano, wanda ya shafi tsaftar muhalli, har aka sa kyautar naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. Gwamnatin ba ta ƙara cikakken wata guda a kan mulki ba, amma al'adar sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta rayu bayanta shekaru masu yawa. Ana hana zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe, kowa ya fito da tsintsiya da shebur, kotun tafi-da-gidanka tana jiran wanda ya saɓa. Mu da muka yi ƙuruciya a lokacin mun san yadda abin yake ƙarewa. A yashe kwata, a tara baƙar laka a bakinta, a jira mota. In motar ba ta zo ba, iska da awaki da ruwan sama na gaba su mayar da lakar inda ta fito. A ganina wannan duba-gari ne ya dawo da bulala a hannu, domin har yanzu magidanci ake tuhuma, ba a tambayi inda sharar za ta kwana ba.

Dokokin da suka sauko daga sama

Abin da ya haifi dokar muhalli ta zamani a Nijeriya ya faru ne nesa da Borno. A 1988 aka gano dubban tan na guba da aka yi jigilarsu daga Italiya aka jibge a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel. Kunyar wannan al'amari ta sa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da Dokar Soja mai lamba 42 a kan shara mai cutarwa, da mai lamba 58 wadda ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, duk a cikin shekarar. A 1989 aka ƙaddamar da manufar ƙasa a kan muhalli, a 1991 aka fito da ƙa'idojin da suka ƙayyade irin ruwan da masana'anta za ta iya saki. Jihohi suka bi sahu da nasu hukumomin, Borno ta sami wadda aka fi sani da BOSEPA. Amma da yake gubar kamfani ce ta haifi dokokin, idonsu a kan kamfani ya fi tsayawa. Maiduguri kuwa ba garin manyan masana'antu ba ne. Mafi yawan ƙazantarta daga ɗakin girki da makewayi da mahauta da kasuwa take fitowa.

An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi daga baya. Akwai manufar tsaftar muhalli ta ƙasa ta 2005, da dokar 2007 wadda ta kafa hukumar NESREA, da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara na 2009 waɗanda suka ambaci gidaje kai tsaye, sannan manufofin shara da na robobi na 2020. Rubutun ya inganta ƙwarai. Amma a daidai waɗannan shekaru ita kanta sharar ta canza hali. Tun daga shekarun 1990 leda da jakar fiya-wata suka mamaye juji, su kuwa ba sa ruɓewa, akuya in ta ci ta kumbura, manomi ba ya son su a gonarsa. 'Yan bola-jari suna tsince ƙarfe da goran roba domin suna da kasuwa, su bar ledar, ita kuma ta tafi ta toshe bakin kwalbati.

Batun bahaya ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma shi ne aka fi kauda kai daga gare shi, wataƙila saboda kunyar ambatonsa. Maiduguri, kamar kusan dukkan biranen ƙasar nan in ban da wasu sassan Abuja, ba ta da bututun ƙarƙashin ƙasa da yake tattara ƙazantar gidaje ya kai ta matata. Kowane gida da salgarsa ko sokawensa. A ƙarƙashin birnin kuma akwai ruwa hawa uku, kuma na saman, wanda ya fi kusa da waɗannan ramuka, shi ne rijiyoyi da ƙananan burtsatse suke zuƙa, shi 'yan garuwa suke turawa gida-gida. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fulotin da aka saba yankawa mai ƙafa 50 da 100, tsawonsa gaba ɗaya bai wuce mita 30 da 'yan kai ba, balle gidan da magada suka raba uku. Ko da mutum ya kiyaye a cikin gidansa, bai san abin da maƙwabcinsa ya haƙa a bayan katanga ba. Yashin da ya rufa wa kakanni asiri, shi ne yau yake saurin miƙa abin da aka zuba masa zuwa ga ruwan sha.

Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya ɗora wa wannan tsari nauyin da ba a taɓa yi masa tanadi ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka baro Bama da Gwoza da Konduga da sauran garuruwa suka shigo birni, wasu a sansanoni, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa, masai ɗaya ya koma na iyali biyar. A watan Agustan 2017 kwalara ta ɓulla a sansanin Muna Garej, ta kama fiye da mutum 5,000 a jihar kafin ƙarshen shekarar, kuma a nan ne aka fara amfani da rigakafin kwalara na sha a Nijeriya. A 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, a 2019 ta sa hannu a kan umurni mai lamba 009 da burin kawar da bahaya a fili kafin 2025. Jigawa ta cim ma wannan matsayi a 2022, ƙasar baki ɗaya ba ta cim masa ba a wa'adin da aka ɗiba. Shi ma wannan shiri ya fi mayar da hankali ga samar da masai, bai yi dogon bayani a kan inda motar yashe sokawe za ta juye kayanta ba.

Madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan Ngadda a shekarun 1980 domin ruwan sha da noman rani, ta taɓa yi wa birnin ambaliya a watan Satumban 1994. A daren 9 zuwa 10 ga Satumban 2024 ta ɓalle. Ruwa ya shiga Fori da Gwange da Kasuwar Litinin da fadar Shehu da asibitin koyarwa da gidan namun daji, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu. Ba shara ce ta fasa madatsar ba, kuma babu kwatar da za ta iya ɗaukar ruwa mai wannan yawa. Amma abin da ruwan ya tarar a hanyarsa, shi ya ɗauka ya raba wa jama'a: ya cika salga ta tumbatsa, ya kwashi juji, ya shiga rijiya, ya kwanta kwanaki a unguwannin da magudanansu suka toshe. A farkon Oktoban shekarar gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara. A watan Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar, abin da ya zama wajibi, tun da daga can birnin yake shan ruwa. Wannan kuɗi na ruwan da yake shigowa gari ne. Wanda yake fita ta rariya yana nan yana bin lungu zuwa Ngadda, inda masu lambu suke ɗibarsa da rani su shayar da latas da alayyafon da ake kaiwa kasuwa.