Me ya sa ƙaramar bindiga ke cijewa? Bayani kan maƙalewar harsashi

Ranar 1 ga Satumban 2022, wani mutum ya kutsa cikin cincirindon jama'a a ƙofar gidan Cristina Fernández de Kirchner, mataimakiyar shugaban ƙasar Ajantina a lokacin, ya auna fuskarta da ƙaramar bindiga ƙirar Bersa, ya ja kunama. Bindigar ba ta tashi ba. Bincike ya gano harsasai 5 a magazin ɗinta, amma babu ko ɗaya da ya hau mazauninsa. Haka aka tarar da bindigar da Lynette Fromme ta nuna wa shugaban Amurka Gerald Ford ranar 5 ga Satumban 1975: harsasai 4 a magazin, mazauni wayam.

A ƙasar Hausa da wuya a ba da irin wannan labari ba a ambaci maganin bindiga ba. Masu gyaran makamai kuwa wani wuri suke dubawa, wato 'yar gajeriyar tafiyar da harsashi ke yi daga magazin zuwa gindin bututu. A nan ake samun kaso mai yawa na cijewar fistol.

Yadda take ɗora wa kanta harsashi

Fistol mai ɗana kanta tana da murfin ƙarfe a sama wanda ke zamewa gaba da baya, fasalin da ya bazu daga ƙirar John Browning da kamfanin FN na Beljiyam ya fitar a 1900. Idan aka harba, ƙarfin fashewar albarushi kan tura murfin baya, wata 'yar ƙugiya ta fizgo kwanson da aka harba ta wurgar. Daga nan sifirin ya maido da murfin gaba, ya turo harsashi na sama a magazin, ya bi wata 'yar gangara ya shige mazauninsa. Duk wannan kan faru kafin ƙiftawar ido, kuma ko mataki ɗaya ya yi jinkiri sai aiki ya tsaya.

Ƙananan samfura, irin waɗanda ake sakawa a aljihu, sun fi manya saurin cijewa. Murfinsu gajere ne mara nauyi, yana kai-komo da sauri, don haka lokacin da magazin ke da shi na ɗago harsashi kaɗan ne. Ɗan rauni a sifirin da babbar fistol za ta haƙure wa, ya isa ya tsayar da ƙarama.

Kamannin matsalar

Uku ne aka fi gani. Na farko, harsashi ya dunguri gangara ya tsaya, ko ya shiga rabi murfi ya kasa rufewa. Na biyu, kwanso ya kasa ficewa, murfi ya danne shi yana tsaye kamar bututun hayaƙi. Na uku, wanda ya fi wuyar warwarewa, sabon harsashi ya taso alhali tsohon kwanso na nan a mazauni, su cushe wa juna hanya.

Inda ake fara dubawa

Magazin ne abin tuhuma na farko. Leɓɓansa biyu na sama su ke riƙe harsashi a daidai kusurwar da zai shiga; idan suka lanƙwashe ko suka buɗe saboda faɗuwa, ko sifirin ɗinsa ya gaji, ko ba a tura shi ya zauna sosai ba, harsashi zai taso a karkace. Shi ya sa ƙwararru kan sa wa kowane magazin lamba, domin a gane ko matsalar tana bin guda ɗaya ne.

Sai harsashin kansa. Mai zagayen kai ya fi hawa gangara cikin sauƙi a kan mai rami a baki, musamman a tsofaffin samfura. Wanda albarushinsa ya yi rauni ba ya iya tura murfi har ƙarshe. Bayan haka sai datti da bushewar mai, ko kuma mai da ya yi yawa har ya tara ƙura, sannan gajiyar babban sifirin da lalacewar ƙugiya. Akwai kuma hannun mai harbi: idan riƙon ya yi sako-sako, bindigar gaba ɗaya kan ja baya tare da murfin, ƙarfin ya salwanta.

Ƙa'idar bincike ita ce a sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Kuma cire magazin ba ya nufin bindiga ta zama fanko, domin harsashi na iya saura a mazauni. Idan ƙarar harbi ta fito da rauni, wajibi ne a dakata, saboda dalma na iya maƙalewa cikin bututu, harbi na gaba ya fasa shi a hannun mai riƙe da ita.

Abin da ya shafi jama'a

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Saboda haka masu riƙe ta bisa ƙa'ida galibi jami'an tsaro ne, kuma ingancinta ya rataya ne a kan yadda gwamnati ke sayo kaya da kula da su.

Amurka ta ga misalin haka. Sojojinta a Iraƙi sun yi ta kukan cijewar Beretta M9, fistol ɗin da rundunar ta ɗauka a 1985. Daga baya aka gano cewa babban tushen matsalar magazin ne da aka ba wani kamfani daban kwangilarsu, aka kuma umarce shi ya yi musu wani shafe mai kaushi da ke kama rairayi. Da aka sauya shafen, ƙorafi ya ragu. Tun a 1967 wani kwamitin majalisar wakilan ƙasar ya binciki cijewar bindigar M16 a Biyetnam, ya ɗora laifi a kan sauya nau'in albarushi da gazawa wajen samar da kayan goge bindiga da horo.

Don haka idan aka ji cewa bindigar jami'i ta cije a fagen daga, tambayoyin da suka dace su ne: wa ya sayo magazin da harsasan, yaushe aka duba makamin a ƙarshe, kuma sau nawa jami'in ya je filin atisaye a shekara?