Rumbun bayanai na kanka: yadda ake kafa shi da abin da yake buƙata

Jama'a, duk hoton da kuka ajiye a Google Drive ko Facebook, to ba a sama yake ba, ko da Turawa na kiran wurin ajiyar "girgije". Yana cikin wata babbar kwamfuta ne da ake ce ma saba, ko uwar garke, a Turai ko Amurka. Ƙungiyar manoma, asibiti, makaranta ko gidan rediyo na iya sayen tasu sabar, su ajiye takardunsu a gida, har su ba wasu hayar wuri don shafukan intanet. Rumbu ke nan a cikin gidanka, makulli a hannunka.

Kayan aiki

Ana buƙatar saba ɗaya ko biyu. Ko ta hannu ce tana yi, in tana da lafiya. A sa mata faifan ajiya aƙalla biyu masu kwafin juna, tsarin da ake kira RAID 1, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe aiki.

Manhajojin kuwa yawanci kyauta ne. Linux, irin su Debian ko Ubuntu, shi ne tushe. Proxmox, wadda wani kamfanin Ostiriya ya fitar a 2008, tana raba saba guda ta zama ƙananan kwamfutoci da yawa, kowane mai haya da tasa. Nextcloud, da aka fara a Jamus a 2016, tana ba mutane damar ajiye hotuna da takardu daga wayar salula, ko suna Maraɗi ko suna Abijan. Makullin tsaron shafi ana samunsa kyauta daga Let's Encrypt, kuma na'urar na sabunta shi da kanta. Sunan shafi na iya ƙarewa da .ne, alamar Nijar.

Wuta, zafi da layi

Nan ne gizo ke saƙa. Saba ba ta barci. Mai cin wat 100 tana shan kilowat-awa 2.4 a kwana, wato 72 a wata, ban da na'urar sanyaya ɗaki. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba NIGELEC. Saboda haka dole a tanadi na'urar riƙe wuta mai batir, da sola ko janareta.

Ɗakin saba ana so ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27, alhali a Yamai da Tawa zafin Afrilu da Mayu kan wuce 40. Ƙurar hunturu ma na toshe fankokinta, sai an riƙa sharewa.

Sannan layin intanet. A nemi adireshin IP wanda ba ya canzawa, domin layin salula na yau da kullum ba ya barin na waje su iso sabarka kai tsaye. In da hali, a ɗauki layi biyu daga kamfanoni daban. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama.

Kwafi uku

RAID ba ya maganin gobara, ko ɓarawo, ko wanda ya goge abu bisa kuskure. Ƙa'idar masana ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani gari. A watan Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke wuri guda suka yi asara. Kuma a riƙa gwada dawo da kwafin, kada a jira ranar tsiya.

Amanar mutane

Wanda ya karɓi bayanan jama'a ya ɗauki amana. Nijar na da dokar kare bayanan sirri tun 2017, hukumar HAPDP ce ke kula da ita, ARCEP kuma na sa ido kan sadarwa. A tuntuɓe su kafin a fara karɓar kuɗin haya. A rubuta yarjejeniya da masu haya: nawa za su biya, wa ke yin kwafi, wa za a kira in saba ta tsaya da tsakar dare.

Ƴan uwa na ƙetare masu niyyar aiko da saba, ku lissafa kuɗin wuta, da layi, da albashin mai kula da ita kafin ku saya. In shafi ɗaya ne kawai ake so, hayar wuri ta fi sauƙi.