Daga Wankin Allo Zuwa Jan Biro: Waye Ke Auna Karatun Yaro?

Duk wanda ya tsaya a gindin gadar Kwangila da sassafe zai ga yara iri biyu suna wucewa, wasu rungume da allo, wasu sanye da kayan makaranta da jaka a baya. Sau da yawa ma yaro ɗaya ne ke yin duka biyun, allo da asuba, boko da hantsi. Abin da wannan maƙala ke son bi ta kansa shi ne tarihin wata 'yar tambaya: a cikin makarantun nan biyu, wa ke fara cewa yaro ya iya?

A makarantar allo, wadda ta daɗe a ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa, yaro ne ke fara faɗa. Tun daga babbaƙu zuwa farfaru har ya kai ga haɗa baƙi, ba a wanke masa allo don wata ya cika ko zango ya ƙare. Shi zai zauna ya yi ta biya karatunsa, ya kife allon ya gwada da ka, in ya kakare ya buɗe ya duba. Sai ya ji a ransa karatu ya zauna, sa'an nan ya je gaban malam ya biya. In ya yi daidai a ce ya wanke, in ya yi tuntuɓe ya koma. Haka gardi mai satu yake rubuta allonsa da ka, ya kai darasu a gyara masa, ya ga kurensa da idonsa. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba mu ce tsarin ba shi da aibu ba, domin bulala ta sa yara da yawa sun yi hadda don tsoro, amma dai awon farko yana hannun mai karatu.

Da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai boko ya zo da aji da zango da jarrabawa. Awo ya bar hannun yaro ya koma jan biron malam. Yaro ya daina tambayar kansa ko ya iya, ya koma jiran ranar da za a kira na ɗaya da na ƙarshe. Zariya kuwa ta zama gidan littattafan wannan sabon tsari. A nan Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Dokta Rupert East, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945.

Masana ba su yi shiru ba. A farkon shekarun 1970, Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, tare da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilimin firamare a jihohin Arewa, wanda ya nemi yaro ya riƙa taɓawa da gwadawa maimakon sauraro kawai. Sai ga shirin UPE a 1976, yara suka yi wa azuzuwa ambaliya, malamai suka yi ƙaranci. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta kawo awo na yau da kullum, don kada jarrabawar rana ɗaya ta yanke wa yaro hukunci. Niyyar ta yi kyau, amma a makarantu da dama abin ya tsaya ga ƙananan gwaje-gwaje da cika rajista da maki. Malami ya ƙara aiki, yaro bai ƙara sanin inda ya kwana ba.

A 1998 wasu malaman jami'a biyu a Ingila, Paul Black da Dylan Wiliam, suka tattara bincike mai yawa, suka nuna cewa karatu yana ƙaruwa idan ɗalibi ya san inda aka dosa, ya san inda yake, ya kuma san abin da ya rage masa, kuma masu rauni sun fi kowa amfana. Ashe abin da aka yi ta nazari a Landan, ƙolo yana yinsa a zaure duk lokacin da ya kife allonsa.

To, 'yan'uwa marubuta, ina ruwanmu? Ruwanmu babba ne. Yaron da ya gama aji shida bai iya haɗa baƙin Hausa ba, alhali kowane zango ana ce masa ya ci, shi ne mai karatun da muka rasa, kuma ba a gano ba sai bayan icce ya bushe. Saboda haka duk mai rubuta wa yara littafi ya bar musu wurin kife allo. A ƙarshen labari a ce wa yaro ya rufe littafi ya ba ƙanensa labarin, sa'an nan ya buɗe ya ga abin da ya tsallake. A sa amsoshi a bayan littafi don ya gyara da kansa, a bar masa fili ya rubuta kalmomin da suka gagare shi ya kai wa malam.

Marubuci ma da haka yake farawa, domin wanda bai saba ganin kurensa tun yana yaro ba, da wuya ya iya gyara rubutunsa in ya girma. Allah Ya sa mu dace.