Daga kuɗin Laraba zuwa ambulan: tarihin kyautar malami a Zariya

A makarantun allo na birnin Zazzau, kyautar da uba ke kai wa malami ba abin zargi ba ce, da ita ma malamin yake ci. Ranar Laraba yaro kan zo da ɗan abin da aka ba shi daga gida, da kaka a aika da damin dawa, ranar saukar Alƙur'ani kuma mai hali ya kai rago ko riga. Malamin ba shi da albashi, ba shi kuma da maki da zai sayar. Ko sa uba ya kai, ranar sauka yaro ne zai karanta a gaban jama'a, kunnuwa su yanke hukunci.

Duk da haka, magabata sun san akwai kyautar da ke rufe baki. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sanya gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin ayyukan zalunci, domin mai karɓarta yana riƙe da hukunci a hannunsa. Abin da ya faru a Zariya cikin ƙarni na 20 shi ne, sannu a hankali malami ma ya zama mai hukunci.

Canjin ya faro ne daga wajen ganuwa. Da layin dogo ya iso a wajajen 1911, aka kafa Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa baƙi, coci-coci suka buɗe makarantu masu kuɗin zango, da rajista, da jarrabawa. A Samaru kuwa an kafa tashar binciken noma a 1922, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. A waɗannan unguwanni biyu takardar shaida ta zama mabuɗin aiki, alƙalamin malami ya zama shi ke tantance wanda zai wuce da wanda zai maimaita aji. Malami ya samu albashi, amma al'adar kyauta ba ta gushe ba, sai ta bi shi sabon ajinsa.

Doka ta lura da wannan. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi, ya bar masa kyautar dangi da aminai gwargwadon yadda al'ada ta yarda. Hanin ya haɗa da ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati. Sai dai bai kai ga malamin makarantar kuɗi ba, alhali irin waɗannan makarantu sun cika Samaru da Sabon Gari tun bayan da tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, makarantun gwamnati suka yi rauni. A can, abin da ya rage shi ne ƙa'idojin hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993, da lamirin malamin kansa.

Nan ne matsalar ta fi tsanani. Malamin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, idan uba ya miƙa masa waya ko ambulan ana saura mako biyu jarrabawa, ƙin karɓa na iya zama cin fuska, karɓa kuma bashi ne. Wanda zai biya bashin shi ne ɗan mai tura baro da ke zaune a benci ɗaya da ɗan mai kyautar. Koriya ta Kudu ta zaɓi tsauri: dokarta ta 2016 ta hana malami karɓar kyauta daga ɗalibin da yake ba wa maki ko iyayensa.

Zariya tana da mizanin da ya girmi wannan. A hadisin Ibnul Lutbiyya, da mai tara zakka ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi, Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta zo. Kyautar da iyayen aji suka haɗa a fili, ko wadda tsohon ɗalibi ya kai bayan ya bar hannun malami, ta tsallake wannan mizani. Wadda ta iso kafin a cika takardar sakamako ba ta tsallake ba, ko da sunan goron Sallah aka kawo ta.