Tarihin Takunkumin Ƙyalle a Kasuwar Muda Lawal

Yau ina so mu waiwayi tarihin wani ɗan abu da duk muka rataya a fuska, daga baya muka yar muka manta da shi, wato takunkumin ƙyalle na zamanin korona. Iyayena daga Damagaram suka zo Bauchi fatauci, kuma a rumfarmu ta Kasuwar Muda Lawal na ga yadda abin nan ya faro da yadda ya gyaru a hannun teloli.

Rufe baki da hanci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarakuna suna da amawali, Buzaye kuma sun daɗe suna naɗa rawani har bisa hanci saboda ƙurar Sahara. Amma wanda ake yi don tare cuta, daga asibiti ya fito. A shekarar 1910 annoba ta ɓarke a yankin Manchuriya na ƙasar Sin, sai wani likita mai suna Wu Lien-teh ya sa jama'a suka riƙa ɗaura auduga da aka sa tsakanin bandeji, ana ɗaure ta ta bayan kai. Mai karatu ya riƙe wannan ɗauri, domin za mu dawo kansa.

An tabbatar da shigowar korona Nijeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, kuma a watan Maris aka sanar da cewa Gwamna Bala Mohammed ya kamu. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya ce dole a riƙa rufe fuska a cikin jama'a, ya kuma nemi a ɗinka na ƙyalle. To, ka ga lokacin ana cikin azumi, ga zafin bazara, ga teloli suna fama da ɗinkin Sallah. Ragowar atamfa da shadda suka ɗebo, suka yanka kusurwa huɗu, suka sa roba.

Waɗannan na farko ba su da daɗin sawa ko kaɗan. Girma ɗaya ake yi wa yaro da babba. Robar tana cin bayan kunne, shadda mai sitati tana tare numfashi, mai tabarau kuma tururin bakinsa ya rufe masa gani. Shi ya sa za ka ga ɗan dako ko mai tumatir ya sauke nasa ƙarƙashin haɓa, sai ya hango jami'ai ya ja shi sama. Sunan ma bai taimaka ba, domin a da dabba aka sani da takunkumi.

Daga ƙorafin masu saye gyara ya fara. Teloli suka koma yanka ƙyalle biyu masu lanƙwasa, su haɗa su a tsakiya, sai ya yi ɗan tudu a gaban baki, mutum ya yi ciniki ba tare da ƙyallen ya shige masa baki ba. Aka cusa siririyar waya a kalmasar sama don a matse ta a karan hanci, tabarau ya huta. Aka sa 'yar tattara a gefe da ƙarƙashin haɓa don toshe kafar iska. Wasu suka bar roba suka yanko tsohuwar singileti mai taushi. Mata masu hijabi kuwa suka fi son mai igiya da ake ɗaurewa a bayan kai, wato aka koma wa dabarar likitan nan na 1910.

A watan Yuni 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi shi hawa 3: auduga daga ciki don shan gumi, mataci a tsakiya, sai yadin da ba ya shan ruwa daga waje, a kuma wanke shi da sabulu kullum. A Janairu 2021 Buhari ya sa hannu a dokar da ta tanadi tara ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya saɓa. Amma abin da na gani a kasuwa shi ne, wanda nasa ya zauna masa daidai shi ne ke yini da shi. Tela ya fi ɗan sanda tasiri a wannan aiki.

A watan Mayu 2023 aka janye matakin gaggawa na korona a duniya, amma a shekarar ce cutar mashaƙo, wadda ita ma tari da atishawa ke yaɗa ta, ta yi ɓarna a Kano da Yobe da Katsina da Bauchi. Ga ƙurar hunturu duk shekara, ga masu niƙan barkono da ke shaƙar yaji tun safe. Rokona ga telolinmu, kada su yar da kwalin awon nan, su koya wa yaran shagonsu. Allah Ya kare mu daga annoba, amin.