Hoton Kusugu da ya dishe a takarda (Zare)

1/ Satin da ya wuce na kai hoton rijiyar Kusugu wani shago a Daura, a fitar min da shi babba don aikin makaranta. A waya tas yake. Da ya fito a takarda sai ga shi dishi-dishi. Mai shagon ya ce, "Ɗalibi, wannan ai ya sha yawo a guruf." Gaskiyarsa. Shi ya sa na bi diddigin abin.

2/ Kun san labarin: Bayajidda ya zo Daura, ya kashe macijin nan Sarki da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai. Da baki labarin ya iso gare mu. Mu kuwa hoto za mu bar wa na baya. To wane iri?

3/ Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, ana ce musu fiksel. A 1957 Russell Kirsch a Amurka ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfuta, ɗigo 176 sau 176 kacal. A 1975 Steven Sasson na Kodak ya haɗa kyamarar dijital, ɗigo 100 sau 100, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset.

4/ Da hotuna suka yi nauyi, sai aka fito da JPEG a 1992. Dabararsa ita ce zubar da abin da ido ba ya saurin lura da shi. Matsalar, duk lokacin da manhaja ta sake matse hoto, wani abu ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

5/ Ga lissafin. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar 1200 da 1800. Takardar A4 kuwa 2480 da 3508. Nawa faɗinsa 640 ne, wato inci biyu da ɗan ɗoriya. Ni kuma ina son ya cika A4. Ina!

6/ Sai na ce a ƙara masa kaifi. Wannan dabara ta girmi kwamfuta, tun zamanin fim masu wanke hoto ke yin ta, kafin Photoshop ya fito a 1990. Abin da take yi kawai: inda haske ya haɗu da duhu, ta ƙara wa wannan haske, ta ƙara wa wancan duhu. Ido sai ya ɗauka hoton ya washe. Abin da ya ɓace dai ya ɓace.

7/ Inda ya fi damuna shi ne manhajojin AI. Su ba kaifi kawai suke ƙarawa ba, ƙago abin da babu suke yi. Ka ba su tsohon hoton Sarki Abdurrahman da ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, ko na Muhammadu Bashar da ya gaje shi har 2007, za su iya ba ka fuska mai sheƙi wadda ba tasu ba. Hoton kakarka ma, tsagar fuskarta na iya gogewa. Nan da shekara talatin, yaro zai rantse haka suke.

8/ Don Allah jama'a:
Ku ajiye hoton asali, ku yi gyara a kan kwafi.
Ku fara daidaita girma, kaifi ya zo ƙarshe, shi ma kaɗan.
Na intanet faɗin 1080 ya isa.
Na bugawa a tura shi a matsayin fayil.
In AI ya taɓa hoto, ku faɗa.
Ku rubuta wuri da kwanan wata.

9/ Ni dai Juma'ar nan zan koma Kusugu in ɗauki nawa da kaina. Wanda ke da tsohon hoton rijiyar na takarda a gida, ya taimaka ya yi min magana, in zo in gani.