Isawa: Wani Darasi daga Tarihin Kano

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, lokacin da Taura da Dutse suke ƙarƙashin masarautar Kano, wani masani mai suna Malam Ibrahim ya zurfafa nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa (AS), har ya fifita shi a kan Manzon Allah (SAW). Da ya ƙi janye maganarsa, sai aka zartar masa da hukuncin kisa. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa Ningi da ƙasar Zazzau.

Abin lura shi ne, wannan aƙida ta tsiro tun kafin 'yan mishan su kafu a ƙasar Hausa. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka sadu da Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS a Zariya, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu matsuguni a Gimi, wanda daga baya ciwon barci ya ɗaiɗaita.

Hukunci ya kawar da malamin, amma shubuharsa ta rayu har zuwa jikoki, domin shubuha ba ta warwaruwa sai da hujja da karantarwa.